Ƙwayoyin Cuta a Gonar Baba Sabo

Laraba, 6 ga Agusta 1975, bayan la'asar

Ba a tuge ba. Alhamdulillahi, ba a tuge ba. Na biya ta Ƙofar Jatau da sassafe kafin in wuce aiki, na jingine keke a gindin ganuwa, na bi kunya-kunya ina ƙirgawa. Duk suna nan, kore shar, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

Wannan littafi na wurin aiki ne, an ba ni don in riƙa rubuta tsayin shuka da yawan fure. Na juyo shi ta baya zan rubuta nawa, tunda Sailuba, matata, ta ce in na ƙara tayar da zancen nan a kan tuwo za ta ɗauki kwanonta ta koma madafa.

Abin da ya faru jiya a ƙofar gidan mai unguwa ba zan rubuta shi ba. Abin da aka yanke kawai zan rubuta. Malam Ya'u, maƙwabcinmu na gona, ya ce ni na sa wa gyaɗarsa kuturta, a tuge wakena a ƙone. Baba Sabo, wan mahaifina da ya riƙe ni tun ina shekara shida, ya ce gonar tasa ce, shi ya ba ni aro, ba mai taɓa ta. Ya ce a jira zuwa ganin watan azumi. In dattawa suka tabbatar daga gonarsa cutar ta fito, Ya'u ya ɗauki gonar halak malak. Gonar da kakanmu ya bari, wadda ita kaɗai ta rage wa Baba.

Ya faɗi haka, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Tun daga nan bai ce mini ko uffan ba. Amma ya tsaya mini. Ya san ɗansa ba zai cuci kowa ba, wannan ya ishe ni.

Kuncina na hagu, inda na sha mari jiya, ya daina zafi.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi, a wurin aiki

Bakina ne, ba kowa ba. Bari in rubuta yadda aka yi don in ga wautata da idona.

Farkon watan jiya Malam Yona, shugabana a gonar gwaji, mutumin Wusasa, ya ce yana son a gwada wani ɗan ƙaramin koren wake da aka kawo daga Indiya a gonar talaka, ba a tamu kaɗai ba. Shi yana ce masa mung, mu leburori da malaman gona muna ce masa ɗan kore. Na yi caraf na ce akwai gonar Baba. Aka raba ta yanki huɗu da turaku. Na farko ba a sa masa komai ba. Na biyu an barbaɗa masa farar wuta, irin wadda mata ke saya a kasuwa don ƙazuwar yara, sai dai tamu niƙaƙƙiya ce. Na uku an cuɗa irinsa da wani baƙin gari mai rai da ke zuwa a ƙunshe. Na huɗu an haɗa masa duka biyun.

Ranar shuka ina zaune a inuwar ɗorawa ina cuɗa iri da baƙin garin da ruwan ƙaro, sai Malam Ya'u ya leƙo da fartanya a kafaɗa ya ce, "Malam Labaran, wannan kuma wane irin taki ne?"

Ni kuwa an samu mai tambaya. Na gyara zama, na ce, "Wannan ba taki ba ne, Malam Ya'u. Ƙwayoyin cuta ne masu rai. Ido ba ya ganinsu. A cikin cokali ɗaya akwai miliyoyi, kuma da zarar sun shiga ƙasa sai su yi ta haihuwa."

Ya ce, "Wancan buhun fa?"

Na ce, "Farar wuta ce."

Ya ce, "Wuta da cuta. To, Allah ya ba da sa'a." Ya wuce. Ni har ina jin daɗi wai na burge shi.

To me zan ce? Haka aka koya mana sunansu da Hausa a makarantar aikin gona. Duk wani abu mai rai da ido ba ya gani, ƙwayar cuta. Ba su da wani suna.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Ba a tuge ba.

Na durƙusa wa Baba a zaure bayan masallaci. Ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon bango.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Na faɗa wa Malam Yona. Da farko dariya ya yi, har ya cire tabarau yana share ido. Da na kai kan maganar gona sai dariyar ta tsaya cak.

Ya ce, "Malam Labaran, kana nufin dattijon ya sa gonarsa a kan maganarmu?"

Na ce i.

Ya ce, "Kai kuma da ka ga ana musu, me ka ce musu?"

Na ce na yi bayani. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya san irin bayanina. Bai ƙara tambaya ba, na ji daɗin haka ƙwarai.

Ya ce kuturtar gyaɗa wasu 'yan ƙwari ne masu tsotson ganye ke yaɗa ta, iska ke kawo su, ba ruwanta da abin da ke cikin ƙasa. Na ce ai na sani, ni ma na faɗa. Ya ce, "Sani daban, a yarda da kai daban." Zai zo da kansa ranar Asabar.

Na komo gida da sauƙin zuciya, har na saya wa Sailuba ƙosai a hanya. Ta ce lallai yau an yi ruwa da ƙanƙara.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Ba a tuge ba. Yanki na huɗu ya fara fure, 'yan rawaya-rawaya. Na auna: ya fi na farko tsayi da kusan rabin taƙi, ganyensa kuma kore mai duhu. Na farko ya ɗan yi fari-fari a sabbin ganye. Wanda aka sa wa farar wuta kaɗai ya fi shi kyan gani nesa ba kusa ba. Ashe ƙasar Baba tana da yunwar da ba mu sani ba.

Da a bara ne da na yi tsalle. Yau na rubuta a ɓoye, ina juya baya ga gonar Malam Ya'u. Gyaɗarsa ta dunƙule, ganyen ya murɗe ya yi rawaya, ba ta fi tafin hannu ba. Tsakaninta da wakena taku uku ne. Duk wanda ya tsaya a kan iyakar nan ya dubi dama da hagu, wallahi ba zan ga laifinsa ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Yona ya zo a kan babur ɗinsa. Mutum bakwai suka taru a gonar, har da mai unguwa. Baba bai zo ba.

Malam Yona ya gaida kowa yadda ya kamata, ya yi magana a hankali, da Hausarsa ta Wusasa mai tsabta. Ya juya ganyen gyaɗa ya nuna musu 'yan ƙwarin. Suka duba, suka gyaɗa kai. Na ce a raina an gama.

Sai Malam Ya'u ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Abin da yaron nan ya zuba, yana da rai ko ba shi da shi?"

Malam Yona ya ce yana da rai.

"Yana haihuwa?"

"Yana haihuwa."

"Menene sunansa da Hausa?"

Malam Yona ya gyara tabarau. Mutum ne da ba ya ƙarya, ko ta ceton rai. Ya ce, "A asibiti ƙwayoyin cuta ake ce wa danginsu, amma waɗannan ba masu cutarwa ba ne."

Malam Ya'u ya juya ga mai unguwa ya ce, "Kun ji dai. Cuta ce amma ba ta cuta. Ruwa ba ya tsami banza." Kafin in ankara ya kai hannu ya tuge ɗaya daga yanki na huɗu. Ya kakkaɓe ƙasar, ga 'yan gudaji jere a jikin saiwar kamar ƙwayar dawa. Ya fasa ɗaya da farce. Cikinsa ja.

Ya ce, "Ga ƙurajen, ga jinin."

Wannan jan shi ne abin da muke nema tun ranar shuka. Alamar abin yana aiki ke nan, yana ɗebo wa shuka abinci daga iska. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, irin ta ran Talata a ƙofar gidan mai unguwa. Malam Yona ya taka mini ƙafa da takalminsa mai nauyi. Na haɗiye.

Ɗaya kawai aka tuge. Ɗaya kawai. Na gode wa Allah, na gode wa takalmin.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Sailuba tana tsince shinkafa ina ba ta labarin jiya, ban yi zaton tana saurara ba. Sai ta ce, "Malam, wai waɗannan abubuwan naka, aikin me suke yi?"

Na ce suna zama a jikin saiwa, su yi wa shuka aiki, ita kuma ta ciyar da su.

Ta ce, "Ba a biyansu?"

Na ce abinci kawai.

Ta ce, "To ai 'yan gayya ne. Ka tara 'yan gayya a gonar Baba, ka tashi ka ce wa mutane annoba ka gayyato. Da iliminka da komai."

Shekara biyu na yi a makarantar aikin gona. Ita allo kawai ta yi, ta fita a izu biyar. Na ce shinkafar da tsakuwa. Ta ce ta gani.

Ta ƙara da cewa tun tana yarinya in suna tugar gyaɗa a gonar babanta tana ganin irin gudajin nan a saiwa, har suna fasawa suna wasa. Na san da haka! A littafi na san da haka! Me ya hana ni faɗa jiya?

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Mako biyu ke nan cif. Ba a tuge ba.

Na tashi aiki da wuri na je wajen Tudun Jukun, gonar wani da ban sani ba. Na roƙe shi gindin wake ɗaya, irin namu na gida, mai lafiya. Ya ɗauka taɓaɓɓe ne ni, amma ya ba ni. Saiwar cike da gudaji. Na naɗe a cikin ganyen ayaba na kai wa mai unguwa. Na durƙusa sosai, na fi minti biyar ina gaisuwa kafin in kwance ƙunshin. Ya fasa ɗaya da kansa. Ja.

Ya ce, "Wannan ma ka sa masa garin naka?"

Na ce ban taɓa taka gonar ba sai yau.

Ya ce, "Hm." Ya daɗe yana juya saiwar. Sannan ya ce, "Labaran, da haka ka yi magana ran nan da ba mu kai nan ba. Mutum mai furfura, a gaban 'ya'yansa, ka kira shi da wannan suna?"

Na ce na tuba. Ya ce ba shi zan faɗa wa ba.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Na je. Malam Ya'u yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na faɗi abin da na zo faɗa, kaina a ƙasa. Ya ce ya ji. Ya ce maganar baki ya yafe, maganar gona tana nan, domin shi ba da baki zai ciyar da mutum goma sha ɗaya ba.

Goma sha ɗaya. Ban taɓa ƙirga su ba.

Duk da haka na fito kamar an sauke mini dutse daga ka.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Ba a tuge ba. An fara ɗaura 'ya'ya, sirara kamar tsinke.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan azahar

Baba ya rame. Na gan shi daga nesa yana fitowa daga masallaci, rigar ta yi masa yawa. Jiya Sailuba ta kai masa fura, ya karɓa, ya sa mata albarka, ya tambaye ta lafiyar gida. Bai tambayi mai gidan ba.

Ta ce ta tarar da shi ya fito da tsohuwar garmar kakanmu yana shafa mata mai. Garmar da ba a yi aiki da ita ba tun ina yaro. Na ce mata ƙila tsatsa yake gudu.

Saura kamar mako biyu a ga wata. Ba komai. Gaskiya tana wajenmu, Baba ya sani, shi ya sa ya sa gonar.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Ɗahiru direba, ɗan ƙanwar mai unguwa, ya dawo daga arewa da motarsa. Ya bi ta Kano har wajen Gumel. A bakin masallaci ya ce tun daga Kwanar Ɗangora har inda ya juyo bai ga gyaɗa mai lafiya ba. Duk ta kuturce. Ya ce dillalai sun riƙe kai, manoma na kuka da hawaye. Wani tsoho ya ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wani ya ce, "To ko can ma Labaran ya je ya barbaɗa?" Aka yi dariya. Dariyar farko ke nan da aka yi da sunana a ciki tun farkon wata wadda ban ji kamar in nutse ba.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce wa Sailuba, "An tsira! Gyaɗar ƙasar nan kaf ta mutu!"

Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ka ji abin da ka faɗa kuwa?"

Na ji. Astagfirullah. Na ji, kuma duk da haka daɗin bai fita daga raina ba. Wannan ma sai in rubuta shi, tunda ba mai karantawa.

Asabar, 30 ga Agusta, da safe

Rediyo ya faɗa da safen nan. Jihohin arewa da dama. Malam Yona ya aiko mini da takarda a hannun mai kai saƙo, layi ɗaya: "Ka yi shiru, ka bar rediyo ya yi magana."

Na yi shiru. Wuya gare shi, wallahi.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

An zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Bai ɗauki rabin sa'a ba. Mai unguwa ya ce annoba ce daga Allah, ta game ƙasa, ba hannun kowa. Gona ta Malam Sabo ce. Malam Ya'u ya ce ya yarda, ya miƙa wa Baba hannu, aka shafa fatiha.

Ni ina can baya a rakuɓe, ban ce tak ba. Wani ya ce ashe Labaran ya iya shiru.

Gonar tana nan. Gonar tana nan. Na rubuta sau biyu don in gani.

Baba ya wuce ta gabana har gefen rigarsa ya taɓa gwiwata. Bai tsaya ba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

An ɗauki azumi. 'Ya'yan waken sun fara baƙi, alamar sun nuna.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan azahar

Mun yi tsinkar farko, kowane yanki a buhunsa. Malam Yona ya kawo ma'auni ya rataya a reshen ɗorawa. Na huɗu, mai farar wuta da 'yan gayyar Sailuba, ya kusa ninka na farko. Na biyu da na uku suna tsakiya, kusan kai ɗaya. Malam Yona ya ce gona ɗaya da damina ɗaya ba su isa a buga ƙirji ba, sai an maimaita. Amma na ga yana murmushi yana rubutawa. Ya tambaye ni wa ya raɗa musu 'yan gayya, ya ce zai sa a takardar da za a raba wa malaman gona.

Ya ce bayan awo waken na mai gona ne. Na ce sai in ji daga bakin mai gona, in ya buɗe.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan shan ruwa

Ya buɗe.

Da la'asar na je kwashe turaku, sai na tarar da shi a gonar, tsaye a tsakiyar yanki na huɗu, hannu a baya. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, ban sa rai ba.

Ya ce, "Lafiya lau."

Muryar ta dishe. Na kasa ɗaga kai.

Ya ce buhu biyu a kai gidan Ya'u, a nuna wa matansa yadda ake dafawa. Na ce to. Ya ce kada in kai da kaina, kada ya zama gori. Na ce to.

Da a nan na tsaya. Amma ni ne. Na ce, "Baba, na gode da ka yarda da ni. Ran nan kowa ya juya mini baya, kai kaɗai ka san ba daga nan cutar ta fito ba."

Ya sunkuya ya tsinki kwanso ɗaya, ya murje shi a tafin hannu, ya hure.

Ya ce, "Wa ya ce maka na sani?"

Na ɗago.

Ya ce, "Da kunnena na ji ka ce cuta ka zuba. Da idona na ga gyaɗar Ya'u. Har ran da Ɗahiru ya dawo, ni na ɗauka kai ne."

Na ce, "To Baba, me ya sa ka sa gonar?"

Ya ce, "'Ya'yan Ya'u huɗu ne a tsaye ran nan, kowa da abin da ke hannunsa. Kai kana ta zuba, ba ka gani ba. Na duba abin da nake da shi da zai sa su zauna. Gona ce kawai."

Ya zuba ƙwayoyin a aljihu. Ya ce shirun da ya yi ba duka fushi ba ne. Yana koya wa kansa rabuwa da wurin ne, kuma ya san in ya dubi fuskata ba zai iya ba tare da ya tsane ni ba, shi kuwa ba ya so.

Kwana ashirin da uku yana kwana yana tashi da sanin gonar ta tafi. Ni kuma ina nan ina rubuta alhamdulillahi.

Ya ce rana ta yi ƙasa, in ɗauko keken mu tafi. Ban hau ba. Na tura shi a bayansa har gida. A ƙofar zaure ya cire takalmi, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ka ce wa Sailuba ta kawo kunun nan. Kwano biyu."